Babi na Bakwai: Cajin Batirin Dalma Bayan an Ƙara wa Keke Ƙarfi

A babin da ya gabata mun bi aikin ƙara wa keke mai lantarki ƙarfi daki-daki: sauya injin da ke cibiyar taya, sauya kwanturola, da ƙara batir na huɗu domin a tashi daga bolt 36 zuwa 48. Wanda ya yi wannan aiki yakan ji daɗinsa tun ranar farko, domin keken da a da yake nishi a kan gada yanzu da kaya ma sai ya haye ta. Sai dai ba a cika daɗewa ba ake fara jin kuka iri ɗaya: 'yan watanni kaɗan tafiyar da batir ke yi ta ragu da rabi, ko kuma a wayi gari a tarar ɗaya ya kumbura. Daga nan sai a ɗora wa mai shago laifi, a ce jabu ya sayar. Akwai jabu a kasuwa, wannan babu musu. Amma da yawa daga baturan da ke mutuwa da wuri a wurin caji suka kwaso cutarsu. Duk wanda ya canza ƙarfin kekensa ya canza lissafin cajinsa, ko ya sani ko bai sani ba.

Tsohon batir a sabon keke

Batirin dalma shi ne na farko a duniya da ake iya sake yi wa caji. Wani masani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙirƙiro shi a 1859, kuma har yau shi ne ke tayar da injin mota, shi ne kuma ke riƙe da inbata a gidaje da shaguna masu yawa. A harkar keke mai lantarki, ƙasar Sin ce gidansa. A can akwai irin waɗannan kekuna fiye da miliyan 300, kuma kaso mai tsoka daga cikinsu da batirin dalma suke tafiya. Manyan kamfanoni biyu da suka yi suna wajen ƙera shi, Tianneng da Chilwee, duk daga lardin Zhejiang suke. A sabuwar ƙa'idar da hukumomin Sin suka fara aiki da ita a watan Satumbar 2025, sun ɗaga iyakar nauyin keke mai batirin dalma daga kilo 55 zuwa 63, domin ba ya saurin kama wuta kamar na litiyam.

Abin da ke ja mutane gare shi a fili yake: ya fi na litiyam araha, ana samunsa ko'ina, kuma ko ya mutu yana da kuɗi. Tun da aka janye tallafin man fetur a Najeriya a ranar 29 ga Mayun 2023, mai ƙaramin ƙarfi ya fara kallon abin hawa mai lantarki da idon basira, kuma aljihunsa ya fi kai wa ga batirin dalma. Aibinsa nauyi ne da rashin haƙuri da sakaci. Batir ɗaya mai 12Ah yana kai kilo 4, huɗu ke nan kilo 16. Nauyin dai ba yadda za ka yi da shi. Sakacin kuwa a hannunka yake.

Abin da ke faruwa a cikin akwatin

Batirin da aka rubuta 12V a jikinsa ɗakuna shida ne a ciki, kowane ɗaki na ba da bolt 2 da ɗoriya. Shi ya sa za ka ga lambar baturan keke ta fara da shida, kamar 6-DZM-12 ko 6-DZF-20. Lambar ƙarshe ita ce yawan wutar da batirin ke iya ajiyewa, wato Ah ɗinsa. A kowane ɗaki akwai farantai iri biyu na dalma, jiƙe da ruwan asid. Lokacin da kake tafiya, asid ɗin yana haɗuwa da farantan, wani farin gishiri yana kwantawa a kansu. Lokacin caji kuma wutar tana narkar da gishirin, ya koma asid da dalma kamar yadda yake.

Sirrin duka yana wurin wannan gishiri. Sabo-sabo yana da laushi, caja na narkar da shi cikin sauƙi. Idan aka bar batir ba caji ya kwana biyu, ko kuma kullum ana cire shi kafin ya cika, sai gishirin ya daskare ya yi tauri, ya rufe fuskar farantin. Wurin da ya rufe ya daina aiki ke nan, kuma da wuya ya dawo. Wannan ita ce cutar ƙarancin caji.

Cuta ta biyu kishiyarta ce. Idan batir ya cika aka ci gaba da tura masa wuta da ƙarfi, wutar ba ta da sauran gishirin narkarwa, sai ta koma kan ruwan da ke ciki tana raba shi gida biyu, iskar haidirojin da ta oksijin. Baturan keke rufaffu ne, ruwansu kaɗan ne, a jiƙe yake cikin wani abu mai kama da audugar gilashi. In matsin iska ya yi yawa sai 'yar ƙofar da ke samansa ta buɗe ta fitar, kuma ruwan da ya fita ya fita. A hankali batirin zai bushe, ya fara zafi, ya kumbura. Aikin caja mai kyau shi ne ta bi tsakanin waɗannan ramuka biyu.

Caja da lissafinta

Kafin batir mai 12V ya cika sai an kai shi tsakanin bolt 14.4 da 14.8. Saboda haka baturan da aka jera uku suna buƙatar caja mai fitar da kusan bolt 44, huɗu kusan 59, biyar kuma kusan 74. A bayan kowace caja akwai takarda mai ɗauke da wannan lamba. Karanta ta kafin ka ba da kuɗinka.

Yanzu duba abin da ke samun wanda ya ƙara batir na huɗu ya riƙe tsohuwar cajarsa. Batura huɗu ko sun yi ƙasa sosai, in aka auna su bayan sun huta za su nuna wajen bolt 47 ko 48. Tsohuwar cajar kuwa iyakarta 44. Da ka jona ta sai koren haske ya kama, alamar wai batir ya cika, alhali ko ɗigon wuta bai shiga ba.

Akwai wani tarkon da ya fi wannan ɓuya. Ba duk cajar da aka rubuta wa 48V ba ce ta batirin dalma. Ta litiyam da aka fi sani tana tsayawa ne a bolt 54.6. Raba wannan gida huɗu, kowane batir zai samu 13.65 kawai. Wuta za ta shiga, keke zai tashi, kai kuma ka ɗauka komai lafiya, amma a dare ɗaya baturan ba za su cika ba, gishiri yana ta taruwa. Akasin haka ya fi muni: a ɗauki cajar dalma mai bolt 59 a jona wa irin wancan batirin litiyam ɗin, wannan neman gobara ne da gangan.

Sai maganar amfiya, wato yawan wutar da cajar ke turawa a lokaci guda. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce ta kasance tsakanin kashi 10 da 20 cikin 100 na girman batirin. Mai 12Ah yana son caja mai kusan amfiya 2, mai 20Ah kuma wajen amfiya 3. Wanda ya koma manyan batura ya riƙe ƙaramar caja zai kwana yana caji bai cika ba. Wanda ya ɗauko babbar caja ya ɗora wa ƙananan batura don ya yi sauri, zafi zai saya musu. Sauri ya haifi nawa.

Abu na ƙarshe shi ne filogi. Kekuna da yawa suna amfani da filogi mai baki uku irin na kwamfuta, amma kamfanoni ba su haɗu a kan ɓangaren da ake ɗaura jar waya da baƙa ba. Shigar filogi a rami ba shaida ba ce cewa sun dace. Sa mitar auna bolt ka tabbatar, ko ka kai wa mai gyara ya auna, domin juya su na iya ƙona cajar nan take.

Matakai uku na caji

Mai cika tulu a bakin famfo da ƙarfi yake fara tara ruwa, in ya kusa wuya sai ya rage, daga ƙarshe ya ɗiga kaɗan-kaɗan har ya kai baki ba tare da ya zube ba. Haka caja mai kyau take aiki. A mataki na farko tana tura cikakkiyar amfiyarta, bolt yana ta hawa, har batir ya ɗauki kusan kashi 80 cikin 100. A na biyu sai ta riƙe bolt ɗin a wuri ɗaya, wato 59 ga batura huɗu, amfiyar kuma tana raguwa da kanta. A na uku ta sauko wajen bolt 55, jan haske ya koma kore, ta ci gaba da ɗiga wuta kaɗan.

Mataki na biyu shi ne wanda mutane suka fi yi wa gajen haƙuri, alhali a cikinsa ne ake narkar da ragowar gishirin da ya maƙale. Batir mai 12Ah da aka ci rabinsa zai yi kamar awa 2 zuwa 3 a matakin farko, ya kuma nemi kusan haka a na biyu. Idan kore ya kama, ƙara masa awa 1 ko 2 sannan ka cire. Amma in caji ya haura awa 10 haske yana nan ja, kada ka ce bari mu gani zuwa safe. Cire, ka taɓa baturan, ka auna su. Akwai abin da ya lalace.

Wajen jonawa, fara sa cajar a jikin keke kafin ka kai ta soket. Wajen cirewa kuma fara zare ta daga soket.

Wake ɗaya

Hanya mafi araha ta ƙara ƙarfi ita ce a sayo sabon batir ɗaya a haɗa shi da tsofaffi uku, kuma ita ce hanyar da ta fi jawo asara. Caja ba ta ganin batura huɗu, jimilla kawai take gani. Tana iya nuna bolt 59 daidai, alhali uku suna kan 15.2 ɗaya yana kan 13.4. Ukun suna ƙonewa, ɗayan yana fama da ƙarancin caji, a dare guda, a caja guda. A kan hanya kuma mafi rauni ne yake fara ƙarewa, sauran suna ci gaba da tura wuta ta cikinsa har su ƙarasa shi. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Baturan jeri ɗaya su zama na kamfani ɗaya, girma ɗaya, shekaru ɗaya. In za ka canza, canza su gaba ɗaya.

Ko da sababbi ne fil, kafin ka jera su yi wa kowanne caji shi kaɗai da caja mai 12V mai yanke kanta, domin su fara tafiya kafaɗa da kafaɗa. Daga nan duk wata ka auna su ɗaya bayan ɗaya, bayan sun huta 'yan awanni da gama caji. Lafiyayyen batir cikakke yana nuna 12.7 zuwa 13. Idan ɗaya ya bambanta da 'yan'uwansa da fiye da 0.3, ware shi ka yi masa caji daban. In ya sake komawa baya, kwanansa ya kusa ƙarewa.

Wani abin da ke raba kan batura shi ne jawo waya daga guda ɗaya domin fitila, oda ko cajin wayar salula. Wannan batirin zai riƙa aiki fiye da sauran kullum. Akwai 'yar na'ura mai sauko da wuta daga 48 zuwa 12, wadda ke ja daga jerin gaba ɗaya. Ita za ka saya.

Kada kuma ka manta da kwanturola. An saita ta ne ta yanke wuta idan batura sun yi ƙasa: ta 36V takan yanke a wajen 31.5, ta 48V a wajen 42, wato 10.5 ga kowane batir. Idan ka bar tsohuwa a kan batura huɗu, in ma ba ta ƙone ba, ba za ta yanke ba sai kowanne ya sauka ƙasa da bolt 8. Batirin da ake tatsa haka babu cajar da za ta cece shi.

Haka nan girman inji. Tun 1897 wani masani Bajamushe, Wilhelm Peukert, ya nuna cewa batirin dalma yana ba da ƙasa da abin da aka rubuta masa idan aka ja wuta da ƙarfi. Inji mai wat 1000 a kan bolt 48 yana jan fiye da amfiya 20, nauyin da ya fi ƙarfin batir mai 12Ah. In ka girmama inji, girmama batir. Kuma ka saba wa kanka caji tun batir yana rabi, wajen 12.2 a mita. Wanda ake ƙarar da shi ƙarƙaf kullum, zagayen caji 200 zuwa 300 ne rabonsa. Wanda ake tsayawa a rabi yana iya ninka wannan.

Zafin rana da wutar da ba ta zama

Duk lambobin da ke jikin batir da caja an tsara su ne a kan zafin digiri 25 a ma'aunin Salshiyas. A Kano, Sakkwato, Maiduguri da Yamai, daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura 40. Masu ƙera batir sun daɗe da sanin cewa duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba kwanan batirin dalma biyu. Bayan haka, batir mai zafi yana buƙatar bolt ƙasa da na mai sanyi. A digiri 40 ya kamata cajar batura huɗu ta sauko da kamar bolt 1, amma caja mai araha ba ta san bazara ba, ba ta san hunturu ba. Zafi yana sa batir ya ƙara jan wuta, wutar tana ƙara masa zafi, haka abin zai yi ta hauhawa har ya kumbura.

Maganin ba ya cin ko kwabo. In ka dawo daga tafiya bar keken ya huta rabin awa ko awa guda. Yi caji a inuwa, a inda iska ke ratsawa, da dare ko da asuba. Guji ɗakin kwano da tsakar rana. Kada ka naɗe caja a tsumma ko ka kulle ta a ƙarƙashin kujera tana aiki, kuma ka riƙa kaɗe ƙurar da ke toshe fankarta. In ka ɗora hannu a kan batir ka ji ya wuce ɗumi, dakatar da cajin. Da hunturu kuwa in ka ga tafiya ta ɗan ragu, sanyi ne, za ta dawo.

Ɗauke wuta shi ma yana da nasa sharrin, domin yana katse caji a tsakiya. Sau ɗaya ko biyu ba komai, amma ka tabbata aƙalla sau ɗaya a mako baturan sun kai kore sun zauna a kai, ko da janareta ne ko inbata. In aka ɗauke wuta zare cajar daga soket, saboda ƙarfin da takan dawo da shi. Mai sola kada ya jona faranti kai tsaye da batir, dole a samu na'urar daidaita caji a tsakani, wadda aka yi domin 48V. In kuma tafiya ta kama ka, aikin Hajji ne ko wata doguwar hidima, cika baturan, kashe makulli, ka bar wa wani amanar yi musu caji sau ɗaya a wata.

Lafiyarka da ta iyalinka

Iskar haidirojin tana kama wuta idan ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri. Don haka ba a caji a ɗakin kwana, ko kusa da risho, tukunyar gas da mai shan taba. Kada ka toshe akwatin batura ruf. Sa fiyus kusa da batir, cire zobe da agogo kafin ka sa hannu, domin duk ƙarfen da ya haɗa kawunan batir biyu, ko sifana ce, yana iya narkewa a hannunka. In ruwan batir ya taɓa fata ko ido, a wanke da ruwa mai yawa, na ido kuma a garzaya asibiti. Masu cewa a ɓalle murfi a ƙara asid ko a zuba wani haɗi don batir ya farfaɗo, kada ka biye musu. Ba ya mayar da farantin da ya mutu.

Komai kulawarka, wata rana batir zai ƙare, kuma a nan ne nauyi mafi girma yake hawa kanka. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, sakamakon niƙa duwatsun zinare masu dalma a cikin gidaje. A Senegal, a unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar, yara 18 ne suka rasu tsakanin 2007 da 2008, kuma wannan kai tsaye daga fasa tsofaffin batura ne domin ciro dalma. Gubar tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro tun kafin a ga alama a jikinsa. Kada ka fasa batir a gida, kada ka zubar da ruwansa a kwata, kada ka bar shi inda yara ke wasa. Mayar da shi yadda yake ga dillalin da ke karɓar tsoho a ba da sabo. A Amurka kusan kashi 99 cikin 100 na irin wannan batir ake sake sarrafawa, abin da ke nuna cewa dalmar tsoho tana iya komawa cikin sabo maimakon ta shiga jinin yara.

Mai karatu, ranar da ka yanke shawarar ƙara wa kekenka ƙarfi, sa kuɗin caja da kwanturola da 'yar mita a cikin lissafin tun farko, kafin kuɗin fenti da fitila. Dukansu in ka haɗa ba su kai kuɗin batura huɗu ba, kuma su ne za su hana ka sayen baturan sau biyu a shekara. In kuɗin bai kai ba, haƙura da bolt 36 har ya kai.